Ranar da Aka Saki Awaki

Yaya Japhet bai taɓa kirana da sunana ba. Tun ranar da ƙanensa Joel ya kai ni gidansu a Ribah, "Malama" yake ce mini, kuma yadda yake jan kalmar ya isa mutum ya gane ba yabo ba ne. Laifina biyu a wurinsa. Na yi makaranta har na samu takardar koyarwa, sannan ba a yi mini golmo ba. A dangin mijina saurayi sai ya yi shekaru yana noma wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Yaya ya yi nasa har bayansa ya ranƙwafa, kuma ba ya zama a wuri bai ba da labarin ba. Ni kuwa a bariki na tashi. Da Joel ya zo neman aurena, babana cewa ya yi shi tsohon soja ne, ba shi da gonar da za a nome masa, a wuce coci kawai. Don haka a idon Yaya ni matar da aka samu a sauƙaƙe ce, wadda ba ta san ta inda ake riƙe fartanya ba.

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a aka tura su Joel aikin soja Darfur. Ya bar ni a gidan haya a bakin garin Zuru da yara biyu, Saloma mai shekara shida da Mika mai uku. Aikin koyarwar da nake nema bai fito ba. Abin da Joel ke turowa kuwa wani watan ya iso, wani watan shiru. Ban gaya wa kowa ba. Ina wanke wa yarana kaya, in goge, in shafa musu mai, mu fita coci kamar waɗanda suka ci kaza.

Cikin tsakiyar damina zazzaɓi ya kama Mika. Ya warke, amma ya bar shi kamar tsinke. A makon ne Yaya ya zo a kan babur ɗinsa, ba sallamar kirki. Ya ɗaga murfin tukunyata ya ga ganyen tafasa ne kawai da ɗan ƙuli, ya mayar ya rufe.

"Malama, takarda kike dafa musu?"

"Zazzaɓi ya yi, Yaya. Ya samu sauƙi."

Ya jawo Mika, ya zagaye damtsensa da babban yatsa da manuni. Yatsun suka haɗu har suka haura juna. Ya ɗaga hannun yaron sama don in gani da kyau.

"'Ya'yan Joel 'ya'yan gidanmu ne," in ji shi. "Rumbun Inna a cike yake. Haɗa musu kayansu."

"Ba inda za su."

"Da wa kike?"

"Da ku nake, Yaya, kuma cikin ladabi. Ba inda za su."

Ya daɗe yana kallona. Ni ma ban sunkuyar da kai ba, sai ma na gyara zaman tabarauna.

"To, na ji. Zan dawo in an gama yankan dawa, kafin Kirsimeti. In na sa hannu ya rufe kamar yau, ko na buɗe tukunyar nan na tarar da irin wannan, ba zan tambaye ki ba. A babur zan ɗora su."

Na san zai iya. Dattawan dangi za su goyi bayansa, na coci kuma za su ce in yi haƙuri. Ranar da Joel ya samu ya kira, a wurin mai wayar da ke ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, na gaya masa. Muryarsa tana zuwa tana yankewa. Abin da na iya tsinta shi ne, "Dinah, Yaya ne babba, ki bi shi a hankali." Sai layin ya mutu. Na dawo gida ban yi kuka ba. Na ari fartanya.

A bayan gidanmu akwai wani kango na mai gidan da muke haya, cike da ƙaya da fasassun kwalabe da tsofaffin takalma. Ya ce in zan iya, in yi abin da na ga dama da shi. Rijiya kuma muna tarayya da maƙwabciyata Bilki, wata Bakabiya mai sayar da hatsi da daddawa, wadda bakinta ba ya hutawa. Ranar farko ta leƙo ta kan katanga ta gan ni ina sara.

"Matar soja, mi kike tono nan? Zinari?"

"Abinci, Hajiya."

"Da gilashi a ido? Ki cire kada ki sare ƙahwa, mu shiga uku da sojoji."

Ban cire ba. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka sake yin wasu a kan na farko. Da safe in zan ɗaura zane sai na cije leɓe. Mata masu wucewa zuwa niƙa suna rage tafiya su kalle ni, ina jin dariyarsu in sun sha kwana. Na bar su. Lokacin shuka ya riga ya wuce wa masu gona, amma ni ba ruwan sama kaɗai na dogara da shi ba. Da damina ta ɗauke, guga ya zama ruwan samana, safe da yamma, har kafaɗata ta daina jin ciwo don ta gaji da faɗa mini.

Yaran ba su bar ni ni kaɗai ba, ko da yake taimakonsu rabinsa ɓarna ne. Mika ya taɓa tuge mini dashen tumatir don ya ga ko ya yi saiwa. Saloma kuma ta buɗe nata gidan abinci a gindin katanga, da gwangwanayen madara da wani fasasshen kasko. Mika ne mai cefane. Yakan zagaya turken awakin Bilki ya tsinto kashin awaki a cikin rigarsa, ya ce wake ne. Saloma ta jiƙa shi a kasko ya kwana, ta dama da kara, ta ce miya ta nuna. Sai ta ɗauki tsohuwar tsintsiya tana tsomawa tana yayyafa wa shuke-shuke.

"Ku ci, ku ci ku ƙoshi," take ce musu. "Wanda bai ci ba ba zai girma ba."

Ranar da na kama ta tana yayyafa wa alayyahuna, na ƙwace tsintsiyar.

"Wa ya koya miki wannan ƙazanta?"

"Kaka ce ke yi wa ɗan mangwaronta."

"Kaka tana Ribah. Nan Zuru ne. Ganyen da za mu ci kike zuba wa kashi?"

Ta tura baki, Mika ya taya ta da kuka. Na hana, suka faki idona suka ci gaba. Da na ga faɗan zai cinye mini ƙarfin da nake bukata wurin jan ruwa, sai na ja layi da fartanya na raba lambun biyu. Ɓangaren da ke kusa da rijiya nawa ne: alayyahu, latas, karas, tumatir, kowane fangali a miƙe kamar layin 'yan makaranta. Ɗaya ɓangaren na ba su, inda na watsa abubuwan da ba sa neman lallashi, kabewa da dankali da yakuwa da rama, da ragowar dashen tumatir da barkono da na rasa inda zan sa.

"Wancan naku ne, ku yi ta ba shi miyarku. Wanda ya tsallako layin nan da tsintsiya, shi da ni. Kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa mini kwano."

Haka muka zauna lafiya. Ni ina ba su ruwa, Saloma tana ba su miya kullum, wari yana tashi in rana ta yi zafi.

Lambu ya karɓa. Na fara yankan alayyahu ina miƙa wa Bilki ta kan katanga, tana miƙo mini dawa da gyaɗa da daddawa. Na koya wa Saloma gyaran ganye da ɓarar gyaɗa, Mika kuma aikinsa ɗanɗano. Da yamma mukan zauna a bakin murhu, ina tuƙa tuwo suna ƙirga kumfar da ke fashewa. Kunun gyaɗa da safe, fate da rana. Kumatun Mika suka fara dawowa. Wani lokaci in yana barcin rana nakan zagaye damtsensa da yatsuna, sai in tuna hannun Yaya ya fi nawa girma nesa ba kusa ba, in tashi in ƙara masa kunu.

Da dawa ta sunkuya a gonaki, Bilki ta kira ni bakin katanga. Tana shirin tafiya biki Argungu.

"Malama, kin san in anka yanke dawa sakin dabbobi a kai ko?"

"Saki kamar yaya?"

"Kamar yadda kinka ji. Duk damina suna ɗaure don gonakin mutane. Ranar da mai unguwa ya sa anka yi shela, kowa kwance tashi zai yi. Daga rannan abin da akuya ta ci, ta ci banza. Ko ƙara kinka kai, dariya za a yi miki, a ce ina dangarki?" Ta nuna wata jar akuya mai karyayyen ƙaho. "Kin ga Manjo? Tun daga turke take ƙirga latas ɗinki."

"Manjo kuma?"

"Don girmama mijinki na sa mata. Ta fi shi muƙami ma."

Lambuna gefe biyu ne kawai ke da katanga, sauran biyun a buɗe suke ga hanya. Ba ni da gona, ba ni da kara. Wani dattijon cocinmu, Baba Arzika, ya ce in je gonarsa in kwashi iya abin da kaina zai ɗauka. Gonar tana gindin dutse. Na yi ta jigila, dami bayan dami, wuyana yana ƙara. Saloma tana biye da ni da nata ɗan ƙullin, Mika yana jan kara ɗaya a ƙasa yana cewa doki ne.

Igiya kuwa daga ramarmu ta fito. Muka jiƙa sandunan, muka ɓare bawon, na nuna wa Saloma yadda ake murzawa a cinya. Tata igiyar tana fitowa wani wuri kauri wani wuri siriri, amma tana ɗaurewa. Da ɓargon kara ta ƙera wa Mika mota, ta ƙera wa kanta tabarau, ta ɗora a hanci tana zagaya mu da hannu a baya.

"Ni ce Malama. Wa ya tsallako layi?"

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Na kafa sanduna, na jera kara, na ɗaure sama da ƙasa. Karan yana da busasshen ganyensa, karmami, sai na bar shi a jiki. Na ga ya fi toshe kafa, ko kaza ba za ta ga abin da ke ciki ba, ga shi ya rage mini aiki. Da na gama na ja da baya na kalli dangata, lif-lif, mai kauri, ta fi ta kowa a unguwar cika ido. Ta maƙwabta duk tsirara ce, sai kara santal-santal. Na ce a raina, ragwanci ne ya hana su yin mai kyau.

Ranar Asabar da yamma mai shela ya zagaya. A daren Bilki ta dawo. A ranar kuma saƙo ya iso ta bakin wani ɗan kabu-kabu cewa Yaya Japhet yana tafe gobe bayan sujada a coci.

Da safe na yi wa yara wanka, na sa musu kayan da suka fi kyau, na leƙa lambu na ga komai lafiya, muka tafi coci. Ban ji wa'azin ranar ba. Ina ta tsara abin da zan dafa: miyar alayyahu, ga latas da tumatir da karas a faranti kamar yadda ake yi wa hafsoshi a bariki, don Yaya ya san da wa yake magana.

Tun daga kwanar gidanmu na jiyo muryar Bilki.

"Kai! Hita! Manjo, Allah shi tsine miki! Wayyo lambun Malama!"

Na saki hannun Mika na ruga da takalmin coci. Awakin unguwa kaf suna jikin dangata. Wasu sun miƙe a kan ƙafafun baya suna zarar karmami, suna ja, danga tana biyo su. Ta riga ta kwanta a gefen rijiya. Ciki kuwa sun fi a ƙirga. Bilki tana tsakiyarsu da muciya, mayafi ya faɗi, tana kora ta nan suna dawowa ta can.

"Malama, mi kinka yi haka?" ta ce tana haki. "Danga kinka yi ko walima? Wa ka barin karmami a jikin kara? Tun daga bakin kasuwa suka jiyo ƙamshi!"

Na zari sanda na shiga. Saloma tana ihu, Mika yana jifa da takalminsa. Kafin mu fitar da ta ƙarshe, wadda ita ce Manjo, da ganyen latas a bakinta, hulata ta coci tana cikin taɓo, zanena ya yage.

Sannan na duba. Alayyahu babu, sai kututture. Latas kamar ba a taɓa shuka shi ba. Karas an aske masa kai, an tattake. Tumatirina da na ɗaure wa sanduna ɗaya bayan ɗaya, sandunan kawai suka rage a tsaye. Wata huɗu na wahala. Na dafa bakin rijiya.

A daidai lokacin na ji ƙarar babur ta mutu a bayana.

Yaya Japhet ya sauko a hankali. A bayan babur ɗin ya ɗaure wata babbar jaka, a ninke, babu komai ciki. Ba sai an gaya mini ta kayan wa ce ba. Ya kalli dangar da ke kwance, ya kalli karmamin da ya rage, ya kalle ni daga ƙafa zuwa tabarau.

"Sannu da aiki, Malama. A wane aji aka koya muku wannan?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya Inna?"

Muryata ba ta yi rawa ba, kuma har yau ina alfahari da hakan. Amma a raina na riga na hango tafiyar. Ina ganin Mika a gaban babur, Saloma a baya ta rungume jaka, ni kuma a tsaye a ƙofar gida.

"Mama," Saloma ta ja gefen zanena. "Mama, ba su ci namu ba."

"Yi mini shiru."

"Allah ba su ci ba. Zo ki gani."

Na ɗaga kai. Duk hankalina yana kan fangalina, ban ko waiwayi ɗaya ɓangaren ba. Daga layin da na ja da fartanya zuwa katanga, komai kore shar. Ganyen dankali ya rufe ƙasa. Kabewa kwance a ƙarƙashin ganyenta, manya-manya. Yakuwa tsaye, barkono ja, har tumatirin da na yar musu ya yi 'ya'ya ya sunkuya. Ga sawun kofato nan ya zo har bakin layin, ya ɗan shiga, ya juya. An ɗan gutsiri ganye ɗaya biyu an tofar.

Yaya ya tsallaka ya tsuguna. Ya tsinki ganyen dankali ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba Babba," in ji Saloma. "Miya ce. Mika ne ke sayo wake."

"A ina kika gani?"

"Wurin Kaka. Tana ba ɗan mangwaronta."

Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya danne.

"Ba abinci take ba shi ba, 'yar nan. Akuya ba ta cin abin da ke warin kashinta. Don kada su cinye shi take yi."

Saloma ta gyara tsayuwa. "To ai shi ya sa."

Bilki ta fashe da dariya har ta zauna a bakin rijiya. Ni kuwa sai lokacin na yar da sandar da ke hannuna.

Yaya ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Wato na yara ya tsira, na Malama ya tafi."

"Duka nawa ne, Yaya. Ni na sare kangon, ni na ja ruwan, ni na raba musu. Masu miyar ma ni na haife su. Ku shiga ku zauna, abinci zai sauka yanzu."

Ban tsaya canza zane ba. Na ce Saloma ta zaɓo kabewar da ta fi nauyi, muka mirgino ta tare. Na tona dankali da hannu, ƙasa tana buɗewa suna fitowa jajaye, wani ya kai damtsena. Yakuwa da tumatir na wanke su da gishiri, na sake wankewa, na kuma sakewa, don miyar Saloma ta gama aikinta, ba na bukatarta a tukunyata. Na fere kabewa, Saloma tana cire 'ya'yan tana tarawa a faifai don iri. Mika aka ba shi turmi ƙarami yana dakan gyaɗa, rabi a turmi rabi a baki. Bilki ta miƙo daddawa da ɗan busasshen kifi ta kan katanga.

"Karɓi, diyyar Manjo ce. Kada ki gaya wa kowa, kar a ce na ɓata al'ada."

Yaya yana zaune a kan kujera a ƙofar ɗaki, yana kallon komai. Na tuƙa tuwon dawa, na kwashe a akushi. Miyar taushe ta yi kauri, man gyaɗa ya taso a kanta. Na ajiye masa dafaffen dankali a gefe da dakakken ƙuli. Kafin in kira shi ya taso da kansa ya ɗaga murfin tukunyar, kamar yadda ya yi da damina. Tururi ya bugi fuskarsa. Ya mayar ya rufe.

Ya yi addu'a gajeriya, ya ci. Ya ci kamar mai jin haushin abincin. Da ya kusa gamawa na ƙara masa miya ban tambaye shi ba, bai hana ba. Yara suna gefensa da nasu kwanon, Mika ya shafe fuska da kabewa har gira.

Da ya wanke hannu ya ce, "Mika, zo nan."

Na tsaya da ludayi a hannu. Ya kama damtsen yaron, ya zagaye da babban yatsa da manuni. Ya matsa. Yatsun suka tsaya, tsakaninsu akwai fili. Ya ƙara matsawa.

"Baba Babba, da zafi!"

"Yaya, nama ne, ba balan-balan ba," na ce. "Ko kun matse ba zai sace ba."

Ya saki. Ya shafa kan yaron, ya ɗan daɗe hannunsa yana wurin.

"Inna tana kewarsu," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba.

"Za mu zo mata Kirsimeti. Mu uku. Mu kuma dawo mu uku."

Ya tashi ya cire rigarsa ta coci ya rataye a ƙofa, ya fita bayan gida. Da na bi shi na tarar ya tayar da dangar, yana zare kara ɗaya-ɗaya yana zage karmamin da hannu ɗaya, sharr, kamar mai fige kaza. Na tsuguna a ɗaya gefen na fara nawa. Ba wanda ya koya wa wani komai. Saloma tana miƙo igiya, Mika yana kwasar karmami yana watsa wa awaki can bakin hanya, yana yi musu gwalo.

Yaya ya ɗaga wata igiya ya juya ta. "Wa ya murza wannan? Kamar macijin da ya haɗiye ƙwai."

"Ni ce," in ji Saloma.

Ya ja ta da ƙarfi, ba ta tsinke ba. Ya ɗaura da ita.

La'asar ta yi kafin mu gama. Dangar ta tsaya tsirara kamar ta kowa, ba kyan gani, Manjo ta zo ta shinshina ta wuce. Yaya ya mayar da rigarsa, ya je wurin babur ya kwance jakar nan. Na dafa kafaɗar Mika. Ya warware ta, ya miƙa wa Saloma.

"Je ki sa wa Kakarki kabewa. Da dankali. Ki ce ni na ce."

"A ɓangarenmu za a ɗiba, Baba Babba. Sai ka roƙe ni."

"Ji 'yar Malama! To, ina roƙo."

Suka cika jakar har ta ƙi rufuwa, muka ɗaure ta da ragowar igiyar rama. Ya hau, ya buga babur, sannan ya waiwayo.

"Karas ɗin zai sake toho in kin ba shi ruwa. Alayyahun ma."

"Na sani, Yaya."

"Na san kin sani. Akwai abin da ba ki sani ba?"

Ya ja babur ya tafi, jakar tana rangaji a bayansa. Na tsaya har ya sha kwana. Sannan na zauna a ƙasa a ƙofar gida, da yagaggen zanena, na jawo yaran biyu na rungume. Dukansu warin hayaƙi da kabewa suke yi, da ɗan wani warin da na sani. Mika ya yi ta mutsu-mutsu yana son ya sauka.

"Mama," in ji Saloma a cikin wuyana, "gobe in ba naki miya?"

"Karas kawai. Shi a ƙasa yake."

"Alayyahu fa?"

"In kin taɓa mini alayyahu, ke da ni."

Na tashi na ɗauki guga. Rana ba ta faɗi ba tukuna, kuma kututturan nan suna jiran ruwa.